Amsa ga mai son sauya Camry da Prius saboda tsadar mai

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka tun jiya: kana riƙe da Camry Muscle ta 2008, kullum kana kan hanya tsakanin Tudun Wada da wurin aiki a Samaru, mai ya ishe ka, wani dillali ya nuna maka Prius ta 2010, jama'a kuma suna ta tsorata ka cewa ranar da batirinta ya mutu sai dai kaji su riƙa kwana a ciki. Irin wannan Prius ɗin nake hawa tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da abokai ke min dariya wai na sayi motar mata. Bari in faɗi abin da na gani, masu gareji da ke cikinmu su ƙara.

Wani ya ce maka ina za ka sami wutar yi mata caji a Zariya. Wannan ba a jona ta da wuta ko kaɗan. Fetur kake zuba mata kamar kowace mota, ita take cajin kanta. Tana da injin fetur, tana da injinan lantarki a haɗe da giyarta, sai babban batir a bayan kujerar baya, irin wannan haɗin shi ake kira hybrid. In ka taka burki, ƙarfin da a Camry ɗinka yake tafiya a banza ya zama zafi a taya, ita juya shi take yi ya koma batir. In ka tsaya a cunkoson Kwangila ko PZ, injin kashe kansa yake yi, AC kuma na ci gaba da aiki domin kwamfuresarta ta lantarki ce. Tashi daga tsaye, wanda shi ne inda mota ta fi zuƙar mai, lantarki ne ke ɗaukar yawancin nauyinsa. Masu buƙatar soket wani jinsi ne daban da ya yaɗu daga baya, irin su Prius Prime da motocin BYD na China. Waɗannan kam sai mai sola ko tsayayyiyar wuta a gida zai ci moriyarsu sosai.

Ga alƙaluman da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba motocin suna sababbi, in an mayar da su lissafinmu. Camry ta 2008 mai silinda huɗu tana yin kusan kilomita 9 da lita ɗaya a cikin gari, kusan 13 a babbar hanya. Prius ta 2010 tana yin kusan 21 a gari, 20 a babbar hanya. Ka lura da abin da ke nan: ita a gari ta fi tsimi, saɓanin motocin da muka saba da su. Shi ya sa tambayar farko ita ce a ina kake ƙona manka. Mai sintiri tsakanin Sabon Gari, Kongo, Samaru da Shika, kai yara makaranta, tsaya nan tashi can, shi aka ƙera wa motar. Direban da aikinsa Zariya zuwa Kano ko Kaduna da gudu 120, ga fasinja ga kaya a but, zai ga sauƙi, amma ba wanda dillali ya yi masa alkawari ba. Kuma kar ka sa ran ganin 21 ɗin nan a motar da ta haura shekara goma, da zafinmu, da AC a kunne, da ramukanmu. Tawa ba ta kaiwa. Duk da haka ba a haɗa shan manta da na Camry.

Fasahar ma ta yi nisa tun bayan wadda aka nuna maka. Prius ta fara fita a Japan a 1997, ta shiga sauran duniya a 2000. Camry hybrid ta farko, mai jiki irin na Muscle, kusan kilomita 14 take yi da lita, wato ratarta da ta fetur zalla ba ta kai ta Prius ba. Ta 2012 ta kai wajen 17, ta 2018 kuma ta taɓa 22, babbar mota ta kamo Prius ke nan. Tsofaffin batir na nikel ne, yawancin sababbi sun koma litiyam, ya fi sauƙin nauyi. Daga samfurin 2021 duk Sienna hybrid ce, haka Camry ta 2025 a Amurka. Tunda daga can yawancin motocin hannu ke zuwa mana, nan da wasu shekaru ko muna so ko ba ma so su za su cika wuraren dillalai, bakaniken da ya ƙi koyonsu kuwa zai sha zama a benci. Motocin fetur zalla su ma ba su tsaya ba: giya ta tashi daga huɗu da biyar zuwa takwas, an ƙanƙanta inji an sa masa tabo, kamar Accord ta 2018 mai 1.5. Sai dai irin waɗannan suna da tsirfa a kan baƙin mai da ingancin fetur.

To, batir. Tsoron da ake ba ka yana da tushe, an dai ƙara masa gishiri. Na Prius ɗin nan guntaye 28 ne aka jera, ƙarfinsu ya ɗan haura bolt 200. Kwamfutar motar ba ta barin sa ya cika fal ko ya ƙare ƙarƙaf, abin da ke sa shi daɗewa ke nan. Garantin da Toyota ta riƙa bayarwa a kan batirin a Amurka a da shekara 8 ne ko mil 100,000, daga samfurin 2020 suka ƙara zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Motar 2010 ta daɗe da wuce wannan, don haka ka saya da sanin cewa wata rana za ka taɓa batir, ka ware kuɗinsa a cikin ciniki. Yawanci ba duka yake mutuwa lokaci guda ba, guntu ɗaya ko biyu ne ke raunana su ja sauran. Masu gyara suna canza waɗanda suka lalace da na hannu, kuɗin bai kai na sabo ba, amma in ba a daidaita ƙarfinsu da sauran ba, bayan 'yan watanni fitilar gargaɗi za ta dawo.

Abin da ya fi kashe shi a nan zafi ne da ƙura. Ka buɗe ƙofar baya ta dama, gefen kujera za ka ga wata 'yar taga mai raga. Ta nan fanka ke jan iskar cikin mota ta kai wa batir. Bayan hunturun bara na sa aka kwance min fankar, abin da ya fito dunƙulen ƙura ne da zare da gashi, ya toshe fikafikanta har da ƙyar take juyawa. Yara kan jingina jaka ko filo a wurin, iska ta yanke, ba wanda ya sani. A bazara kuma kashe AC don tsimi ba dabara ba ce a wannan motar, domin sanyin da kake sha shi batir ke sha. Ka nema mata inuwa, kar kuma ka ajiye ta wata da watanni ba a tayar ba.

Maganar da ta fi batir muhimmanci a wurina ita ce wa zai taɓa maka ita. Ba ta da kik irin na sauran motoci, ba ta da altaneto, samfurin 2010 ko bel ba shi da shi, famfon ruwansa ma na lantarki ne. Wayoyin nan masu ruwan lemo wuta ce mai kisa, ba wurin gwaji da sukundireba ba ne. Wani mai gyaran AC ya taɓa ɗauko man kwamfuresa na gama-gari zai ɗura min, na riƙe hannunsa. Nata daban ne, ND-11, wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, ɗayan kuwa yana iya jawo motar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Baƙin mai 0W-20 take so, ba mai kauri da ake aunawa a galan ba. Wannan samfurin kuma an san shi da toshewar bututun EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, in an bar shi yana iya kai wa ga ƙonewar gasket, alamarsa karkarwa da safe in an tayar. Kayan ƙafa da burki ana samu ba wahala, na lantarkin ne wani lokaci sai an aika Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Ƙasanta kuma gajere ne, in unguwarku na cin ruwa da damina ka sa wannan a lissafi.

Yanzu ɗauki biro. Mu ƙaddara kana yin kilomita 1,000 a wata. Camry a kan 9 za ta sha lita 110 da 'yan kai, Prius ko a kan 17 ka sa ta, ba za ta kai 60 ba. Ratar lita 50 ke nan duk wata. Ka ninka da farashin da ka sayi mai yau, ka ga wata nawa zai ɗauka kafin ya biya cikon da za ka yi wa dillali haɗe da kuɗin batir. In bai wuce shekara biyu ba, ni da zan saya. In tafiyarka ba ta kai rabin haka ba, riƙe Muscle ɗinka, ka sa a duba ko an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye kamar yadda aka saba yi mana, a duba filogi da nozul da iskar taya, ka kuma tambayi masu sa CNG nawa suke juyawa da inda za ka riƙa samun gas ɗin.

In ka yanke shawarar zuwa ganinta, kar ka yarda da zagaye ɗaya a layi. Ku je da mai na'urar da ke karanta ƙarfin guntayen batir bibbiyu, a duba ko akwai P0A80, lambar da ke nuna batir ya lalace, ko alamar an goge lambobin gargaɗi kwanan nan. Ka kunna AC, ku hau titin Sakkwato har Shika ku dawo, idonka a kan zanen batir da ke allo. In yana cika nan da nan kuma yana zubewa nan da nan, ko fankar baya tana ta ihu, batirin ya gaji, sai a sake zaman ciniki. Ka turo hoton abin da na'urar ta nuna a nan mu duba tare kafin ka biya ko sisi.