Tsohon Babur a Ingila: Zai Riƙa Tsallake Binciken MOT Kowace Shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Coventry, kuɗin bas kuma ya ishe ni, shi ne na yi niyyar sayen ɗan babur. An yi mini tallar Honda CG125 guda biyu, duk ƙirar 2002. Na farko bai yi tafiya sosai ba, mai shi ya ce shekara biyu ke nan yana ajiye a gareji, takardar MOT ɗinsa, wato shaidar binciken lafiyar abin hawa na shekara-shekara, ta ƙare. Na biyu ya sha hanya, kullum ana hawansa zuwa aiki, yana kuma da takarda. Abokaina sun ce in rabu da su duka, wai babur ɗin da ya haura shekara ashirin duk shekara sai ya faɗi a binciken, kuɗina zai ƙare a gyara. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun tsorata ka fiye da kima. Mai binciken MOT ba shekarun babur yake ƙirgawa ba. Abin da ke gabansa shi ne: a yau ɗin nan, babur ɗin zai tsaya in an taka birki, zai juya in an karkata kai, ana ganinsa da dare, babu kuma abin da zai ɓalle ya faɗo a titi? Tsohon babur ɗin da ake kula da shi yana wucewa shekara da shekaru ba tare da wata gargada ba. Alƙaluman hukumar DVSA, wadda ke kula da binciken, suna nuna cewa baburan da ke faɗuwa a karon farko ba su kai ɗaya cikin biyar ba, alhali motoci sun kusa uku cikin goma. Gaskiya ne tsofaffi sun fi sababbi faɗuwa, amma in ka duba abin da ya kayar da su, yawanci kayan da ke cinyewa ne, waɗanda ake sauyawa cikin awa guda.

Tun 1960 ake wannan bincike a ƙasar. Yanzu a Ingila da Sikotilan da Wales, abin hawa yana fara zuwa idan ya cika shekara 3, daga nan kuma duk shekara. Iyakar abin da doka ta yarda a caje ka na babur fam 29.65 ne. Tun daga watan Mayun 2018 aka kasa laifuffuka gida uku: ƙarami, babba da mai haɗari. Ƙarami ba ya kayar da kai, rubuta maka za a yi ka je ka gyara. Babba da mai haɗari su ne faɗuwa. Akwai kuma shawarar da mai binciken ke rubutawa a ƙasan takarda, cewa kaza ya fara lalacewa amma bai kai ga faɗuwa ba tukuna. Ka riƙe wannan ta ƙarshen, da ita za ka gane halin mai babur.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, tsufa yakan sauƙaƙa wa babur a wasu wurare. Ana auna shi ne da dokar zamanin da aka fara hawansa. Babur ɗin da aka fara amfani da shi kafin Agustan 1986 ba dole ba ne ya kasance da sigina. Ba a kuma auna hayaƙin babur da na'ura kamar yadda ake yi wa mota, to tsohon inji mai kafireta ba shi da fargaba ta wannan ɓangaren. Wanda ya haura shekara 40, in ba a yi masa wani gagarumin sauyi ba, an ma ɗauke masa binciken gaba ɗaya, sai dai nauyin lafiyarsa na wuyan mai shi. Naka dai sai 2042 zai kai nan.

To me ke kayar da su? Fitilu ne kan gaba, da tazara kuwa. Ƙwan da ya mutu, fitilar gaba da ke haska sama ko gefe, fitilar birki da ke kamawa da ƙafa amma ba ta kamawa da hannu, sigina mai ƙiftawa da gudu ko da nawa. Ana so sigina ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. A tsohon babur, laifin sau da yawa ba na ƙwan ba ne, tsatsa ce ta ci mahaɗar wayoyi, ko batir ya yi sanyi har hon ma sai ka kasa kunne kafin ka ji shi. Akwai kuma ɗan jan madubin nan na baya mai mayar da haske. Samari kan cire shi in suna rage wutsiyar babur don ado, sai a kayar da su a kan abin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Abin haushi ne, domin duk wannan mutum zai iya dubawa a ƙofar gida cikin minti goma.

Birki shi ne inda ya kamata ka tsaya ka duba da kyau. Ana ɗora ƙafar babur a kan na'ura mai juyawa a auna ƙarfin kamun, ɗaya daga cikin birkin biyu sai ya kai kashi 30 cikin ɗari, ɗayan kuma 25. Ba wani babban ma'auni ba ne, ko birkin ganga irin na tsofaffin CG yana kai wa in an ɗaure shi daidai. Matsalar takan fito ne daga wayar birki da ta saki ko ta fara tsinkewa, fatar birki da ta cinye, ko birkin da ke kamawa ya ƙi saki. Wannan na ƙarshen ciwon ajiya ne. Ƙarfen da ke buɗa fatar birkin yana cijewa in ya daɗe bai motsa ba, musamman a ƙasar da ake watsa gishiri a titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Wanda ya saba da baburan Kano ko Maraɗi ya san ƙura da zafi da lodi ne ke kashe su. A Ingila laima da gishiri ne, suna cin salansa daga ƙasa, suna cin rim da wayoyin ƙafa da ƙarfen da ke riƙe da tayar baya.

Shi ya sa, cikin biyun da aka yi maka talla, hankalina ya fi kwanciya da wanda ake hawa kullum. Na san ido ya fi son wanda bai sha hanya ba, fenti na ƙyalli, lambar mil kaɗan. Amma shekara biyu a tsaye ba hutu ba ne ga babur. Roba tana bushewa. Tayar da zanenta ke nan cif za ka tarar gefenta ya tsattsage. Robar da ke tare mai a shokozoban gaba ta ƙeƙashe, ga ɗigon tsatsa a jikin sandunan, da an fara hawa sai tsatsar ta yage robar mai ya fara tsiyaya, wani lokaci har kan birki. Sarƙa ta sandare gaɓa-gaɓa. Fetur ɗin da aka bari a tanki ya lalace ya toshe kafireta. Tun Satumbar 2021 kuma fetur ɗin yau da kullum a can ya koma E10, mai yawan sinadarin etanol, wanda ke jan laima yana kuma cin tsohon tiyon mai. Yoyon fetur kuwa faɗuwa ce kai tsaye. Babur ɗin da ke kan hanya kullum, duk abin da zai lalace ya lalace an gani an gyara, in mai shi mutumin kirki ne.

Ko mutumin kirki ne, ba sai ka tambaye shi ba. Ka karɓi lambar babur ɗin ka shigar a shafin gwamnati na GOV.UK, kyauta ne, zai fito maka da tarihin bincikensa tun daga 2005: ranar da ya wuce, ranar da ya faɗi, dalilin faɗuwar, mil nawa ya yi a kowace shekara, da shawarwarin da aka rubuta. Faɗuwa ɗaya ko biyu a kan ƙwan fitila ba abin damuwa ba ne. Abin da nake nema shi ne shawarar da ke maimaituwa. In an rubuta sarƙa ta fara cinyewa bana, baɗi aka sake rubutawa, shekara ta uku ma haka, ka san mai shi ba ya taɓa babur sai an tilasta masa. Ka kuma duba lissafin mil ɗin yana hawa a jere. In ya koma baya a wata shekara, ko an sauya agogon ne ko an yi wasa da shi, sai ya yi maka bayani.

Ranar da za ka je gani, ka ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya, wani ya danna baya har tayar gaba ta tashi. Juya kan a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. In ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya tafi, kuma wannan yana kayarwa. Kama kowace taya ka girgiza ta gefe da gefe, bai kamata ka ji wasa ba. Zanen taya sai ya kai zurfin milimita 1 a kashi uku cikin huɗu na faɗinta. A gefen tayar akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Doka ba ta yanke wa tayar babur shekaru ba, amma ni ba zan hau wadda ta shekara goma a titin da ruwa ya jiƙa ba. Leƙa salansa, in an buga mata rubutun cewa ba ta titi ba ce, ta filin tsere ce, ba za ta wuce ba, haka in ƙararta ta fi ta asali nesa ba kusa ba.

Sai dai kada takardar ta ruɗe ka. Binciken bai shafi lafiyar inji da kuloci da giya ba. Babur zai iya samun takarda da safe inji ya buga da yamma, babu wanda ya yi maka ƙarya. Wannan kai za ka duba: ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyinsa, sannan a tayar a gabanka ka saurara, ka duba hayaƙi da launin baƙin mai. Sa'ar da ka yi, injin CG125 na daga cikin masu jure wahala, Honda ta ƙera shi ne tun tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashen da ba a cika yi wa babur sabis ba, kayan gyaransa kuma suna da araha.

In ranka ya nace a kan na garejin, ka ce wa mai shi ya kai shi binciken da kansa kafin ku yi ciniki. Fam talatin ne. In ya ƙi, ka san cinikin biri a sama yake so ku yi, sai ka rage kuɗin tayoyi biyu, batir, sarƙa da robobin shokozoba daga farashin. Ka kuma sani ba za ka hau shi zuwa gida haka nan ba. Hawa babu MOT tarar da za ta iya kai fam 1,000 ce, sai fa in kana kan hanyar zuwa binciken da ka riga ka kama lokacinsa, kuma da inshora. In an samu laifi mai haɗari, a wurin zai tsaya sai an gyara ko a ɗauko shi a mota. Hawa shi a haka na iya jawo tarar fam 2,500 da makin laifi uku a lasisi.

Kowanne ka saya, kada ka jira ranar ƙarshe. Doka ta ba ka damar kai shi tun saura wata guda ba kwana ɗaya takardar ta ƙare, ba tare da ka yi asarar ranar sabuntawarka ba, ka ga ko ya faɗi kana da sararin neman kaya. Ka nemi garejin da babura ne sana'arsu, domin ba duk mai binciken mota ke da izinin na babur ba. In ya faɗi aka bar shi a wurinsu suka gyara cikin kwanakin aiki 10, sake dubawar kyauta ce. Sai kuma in kana da niyyar shiga Landan da shi: babur ɗin 2002 akasari bai cika ma'aunin hayaƙin da hukumomin birnin suke nema ba, za a caje ka fam 12.50 duk ranar da ka shiga, ko da takardar MOT ɗinka sabuwa ce fil.