Yadda za a rage kaifin sauti a zaure mai tayil da gilashi

Malam, ka ce kana ɗaukar sautin mawaƙa kai tsaye a zauren biki mai tayil da tagogin gilashi, amma sautin yana fitowa siriri, yana sukar kunne. Kafin ka taɓa EQ, wato maɓallan ƙara ko rage kauri da kaifin sauti, fara duba inda makirufonka yake tsaye.

Tayil da gilashi ba sa shanye sauti, mayar da shi suke yi, don haka makirufon da ke nesa ya fi jin bango fiye da bakin mawaƙi. Duk lokacin da ka rage nisa da rabi, sautin mawaƙin zai ƙaru da kusan 6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), amsa-kuwwar zauren kuwa tana nan yadda take. To ka matso. Makirufon hannu irin SM58 ya tsaya santimita 3 zuwa 8 daga baki, a karkace kaɗan. Irin wannan makirufon in ya kusanci baki yana ƙara kauri da kansa, karkacewar kuma tana rage iskar "f" da "b".

Algaita da kakaki, kada ka saita makirufo cikin bakinsu, nan kaifin yake taruwa. Koma gefe, nisan santimita 30 zuwa 50. Haka lasifikar jita: tsakiyarta kaifi, gefenta taushi. Ka riƙa matsawa da faɗin yatsa biyu kana saurare da hedifon.

Makirufo biyun da za su ɗauki zauren gaba ɗaya su ne suka fi ɓata aiki. Ka jera su tsarin ORTF: tazarar santimita 17, kusurwa digiri 110, a tsayin mita biyu da rabi zuwa uku, nesa da bango aƙalla mita ɗaya da rabi, kuma kada su fuskanci manyan lasifiku kai tsaye. Dalilin gudun bango shi ne, in sautin da ya dawo ya yi ƙarin tafiyar santimita 34 kacal, zai kashe sautukan da ke 500 Hz, da 1500, da 2500 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), sai ka ji murya kamar daga cikin gwangwani. Wannan kuwa, EQ ba ya gyara shi.

In kana da makirufon ribbon, mai siririn zaren ƙarfe a ciki, nan ne wurinsa, don ba ya zafafa siraran sautuka. Gefensa biyu kurame ne, sai ka juya su wajen tagogi. Amma bayansa yana ji kamar gabansa, don haka bayan ya kalli jama'a ko labule. Kashe masa 48V, wato wutar da mikisa ke tura wa wasu makirufo.

Wajen haɗa sautin makirufon zauren da abin da ya fito daga mikisa, ka tuna sauti yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita. Makirufon da ke nisan mita 10 ya makara da kusan milisakan 29, sai ka ja sautinsa a manhajar gyaran sauti ya daidaita da na mikisa.

Shimfiɗa kafet ƙarƙashin ganguna, ka rataya labule mai kauri a bangon baya, ka bar masa 'yar rata daga bangon. Kuma kada ka yanke kaifin da yawa a gwajin da aka yi zaure ba kowa, jama'a in sun cika za su shanye wani kaso.