Zomanyata ta tsige gashi amma ba ta haihu ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon zomaye a bayan ɗakina. Na kai zomanyata wajen namiji, bayan kwana 17 sai na ga tana ɗibar ciyawa da baki, tana tsige gashin ƙirjinta. Na sa mata akwatin haihuwa, na zuba ido. Yau kwana 36 ke nan, shiru, kuma tana cin abincinta lafiya lau. Ko 'ya'yan sun mutu a cikinta ne?
Daga wata mai karatu a Funtuwa

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, kuma na yaba da kika riƙe lissafin kwanaki, domin a cikinsa amsar take. Cikin zomo galibi kwana 31 ne, wani ya zo a 28, wani ya kai 33. Mai ciki na gaskiya takan fara tsige gashi ne idan haihuwa ta rage kwana ɗaya ko biyu, wata ma sai a daren. Wadda ta fara a kwana na 17 kuwa, mafi yawa cikin ƙarya ne.

Ga yadda abin yake. Zomanya ba ta sakin ƙwai sai an yi barbara, kamar awa 10 bayan namiji ya hau ta. To idan ya hau amma cikin bai shiga ba, jikinta sai ya ɗauka ya shiga. Nono ya ɗan kumbura, ta yi ta faɗa, a kwana na 16 zuwa 18 ta shirya makwanci, daga nan abin ya wuce. Ko 'yar'uwarta mace ce ta hau ta a keji ɗaya, hakan na faruwa. An fi ganinsa a bazara, saboda zafin Maris zuwa Mayu yana raunana maniyyin namiji. Sai dai in kin ga ta daina ci, ko wani ruwa mai wari yana fita ta bayanta, kada ki jira, ki kai ta wurin likitan dabbobi.

Tunda lafiyarta ƙalau, ki mayar da ita wajen namiji, da sassafe ko da yamma. Ita ake kaiwa kejinsa, in kika kawo shi nata za ta iya yi masa rauni. Ki tsaya ki gani da idonki: idan ya gama yakan ɗan yi ƙara ya faɗi gefe. Sai ki ɗauke ta, ki rubuta ranar da gawayi a jikin keji.

Wannan rubuta ranar barbara ina matsa wa mutane a kansa ne saboda abin da ya same ni. Wani hunturu na dogara da ƙwaƙwalwata, na yi kuskuren kwana uku. Da asuba na fito da tocila na tarar da 'ya'ya bakwai a warwatse a kan wayar keji, tsirara, sun yi sanyi ƙarara. Na zuba su cikin hulata na cusa a ƙirjina ƙarƙashin riga. Biyu ne kawai suka motsa. Zomanya ba ta ɗaukar ɗanta da baki ta mayar makwanci kamar kyanwa, inda ya faɗi nan zai kwana.

Saboda haka a kwana na 28 ki sa akwatin katako da busasshiyar ciyawa mai laushi. In kika sa da wuri za ta mayar da shi makewayi. Ki ƙara mata harawar gyaɗa da dusa, ruwa kuma kada ya yanke ko na dare ɗaya, domin ƙishirwa na cikin abubuwan da ke sa ta cinye 'ya'yanta. Ƙafafun keji ki tsoma su a gwangwani mai ruwa saboda tururuwa, namiji kuma ya yi nisa da ita, don tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu.

Bayan haihuwa za ki ga kamar ta yi watsi da su. Sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, 'yan mintoci kaɗan, yawanci cikin dare. Da safe ki wanke hannu ki zura cikin gashin. In kin ji ɗumi, kika ga cikinsu ya cika, to sun sha. Wajen kwana na 10 zuwa 12 za su buɗe ido.