Amsa ga mai tambaya kan fentin ruwan zaitun a falo

'Yar uwa da kika tambaya ko fentin nan ruwan zaitun mai ɗan duhu, wanda ya ja zuwa ruwan ƙasa, zai yi miki kyau a falo ko zai rufe miki ɗakin, to ni shi ne a falona yau shekara 3 kenan a nan Kano, kuma wallahi ina son kalar nan har raina, amma fa sai kin san yadda za ki bi da ita.

Kalar nan haske take bi, ba ta da fuska ɗaya. Tagar falona yamma take kallo, bayan la'asar in rana ta shigo sai ki ga bangon ya yi wani ɗumi kamar an zuba masa zuma, amma da safe koren ne yake fitowa fili. Ranar da aka gama fentin da daddare na kunna fitila sai da gabana ya faɗi, bangon ya koma wani toka-toka kore-kore ba kyan gani, ashe ƙwan fitilar ne, irin farare ƙal ɗin nan da ake rubuta 6500K a jikin kwalinsu. Maigidan ya sayo masu 3000K, waɗanda haskensu ya ɗan ja rawaya, muna sakawa kalar da na zaɓa ta dawo. Shi ya sa don Allah kar ki zaɓa a hoton waya ko ɗan katin nan da suke nunawa a shago, ki sayi ƙaramin gwangwani a shafa miki kamar faɗin sallaya a bango biyu, ɗaya kusa da taga ɗaya a lungu, a shafa sau biyu, ki bar shi ya bushe ki kalle shi safe da rana da dare kwana 2 ko 3 kafin ki sayi bokiti.

Inda na sha wahala shi ne haɗi. Mai fentin da muka fara ɗauka da hannu ya haɗa, yana ɗiga kala a farin fenti yana juyawa da sanda, bokitin ya ƙare saura bango ɗaya, da ya sake haɗawa sai ya fito ya fi kore, kina shigowa za ki ga inda suka haɗu a kwana. Dole aka sake duka. Ki je inda ake haɗawa da inji a ba ki lambar kalar ki adana, kuma in bokiti 2 ne na lita 20 a juye su wuri ɗaya a gauraya kafin a fara.

Ni fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin na sa saboda yara, ana gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, wajen makunnin fitila da suke dangwalawa da hannun miya tas yake fita. Sai dai satin tonon asiri gare shi, in filastar ba ta kwanta ba duk wani tudu da rami sai ya nuna, gara a yi sikiridin tukuna, wato shafen da ake yi wa bango ya yi sumul kafin fenti. In sabon gini ne a bar filasta ta sha iska kamar sati 4, in kuma ƙasan bangon yana jan danshi da damina a gyara wannan kafin komai, don kala mai duhu ta fi nuna farin gishirin nan da bango ke fitarwa.

Ƙurar hunturu kuwa nan ne na fi jin daɗinsa, lokacin da falon yake fari kullum sai ki ga jan layi a saman soket, yanzu da ƙyar ake gani.

Silin ki bar shi fari, labule ruwan madara, in kujerunki ruwan ƙasa ne masu duhu to ki sa kafet mai haske, in ba haka ba falon zai yi nauyi. In kuma ƙarami ne mai taga ɗaya, ni dai bangon bayan talabijin kawai zan sa wa, sauran a yi ruwan madara. Ki faɗa min ina tagarki take kallo da kalar tayil ɗinki, sai in ce miki ki ƙara duhun ko ki rage.