Laraiza: Sunan Larabci Ne Ko Ƙirar Gida?

Tambaya daga wata malama a Daura: "Assalamu alaikum Malam. Matar ƙanena ta haihu ranar Talata bayan isha'i, an samu mace. An yi wa mahaifiyarmu takwara, sunan yanka A'isha. Da yake mai jego ba za ta iya kama sunan surukarta ba, sai ta ce a riƙa kiran yarinyar Laraiza. Ta ce a waya ta gani, wai Larabci ne, ma'anarsa furen Aljanna. Tsofaffin gida sun ce su ba su taɓa jin sa ba, har an fara ƙananan maganganu. Yanzu kuma shi take so a rubuta a takardar haihuwa. Don Allah mene ne ma'anar sunan nan, kuma daga ina ya fito?"

Wa alaikumus salam. Malama, barka da arziki. Allah ya raya ta bisa sunna, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Laraiza ba ya nufin furen Aljanna a Larabci. Fure a Larabci zahra ne ko warda, Aljanna kuma janna ce, mafi ɗaukakarta firdausi, kuma ko ɗaya daga cikin kalmomin nan babu ƙamshinta a jikin wannan suna. Shafukan ma'anar sunaye da ake buɗewa a waya, da yawansu ba masana Larabci ke rubuta su ba. Duk sunan macen da ya gagare su, sai su liƙa masa fure ko haske ko ƙofar Aljanna, don sun san abin da uwa ke son ji ke nan. Mai jego ba ƙarya ta yi ba, abin da ta karanta ta faɗa.

Akwai ma alama a jikin kalmar kanta. Yawancin kalmomin Larabci a kan baƙaƙe uku ake gina su, kuma harshen ba ya son lam da ra su zo a jere a farkon tushen kalma. Za ki ce to Laraba fa, da ita kanta kalmar Larabci? Wannan aikin bakin Bahaushe ne. Balarabe al-arbi'a yake cewa, da al-arab. Mu ne muka haɗiye wasalin farko, muka manne lam ɗin a jikin kalmar, kamar yadda al-afiya ta koma lafiya a bakinmu, al-wakt ya koma lokaci, al-imam ya zama liman, al-ahad kuma Lahadi. Saboda haka da na ji suna ya fara da Lara, hankalina gida yake dawowa kafin ya je ko'ina.

A gida kuwa muna da Larai, sunan macen da aka haifa ranar Laraba, 'yar uwar Balaraba, namijinsu Balarabe ko Bala. Cire Larai daga Laraiza, abin da ya rage shi ne za. Wannan wutsiyar kunnenmu ya saba da ita ƙwarai a sunayen mata: Fa'iza, Aziza, Hafiza, uwa uba Hadiza. A Larabci ba ɗafi ba ce da ake liƙawa. Fa'iza daga fauz take, wato rabauta, Aziza daga izza, Hafiza daga hifz, wato kiyayewa, kuma baƙin nan yana cikin tushen kowace. Hadiza ma ba ta da shi a asali, Khadija ce, bakinmu ne ya mayar da jim ɗin z. Amma kunne ba ruwansa da ilimin sarfu, wato na ginin kalma. Ya ji sunayen mata masu daɗi suna ƙarewa da iza, sai ya ɗauka ado ne da za a iya ɗaura wa kowane suna. A fahimtata haka aka yi: wani ko wata ta ɗauki Larai, sunan da 'yan zamani ke gani kamar na ƙauye, ta ɗaura masa wutsiyar Fa'iza don ya shiga birni. Kuma ba baƙon abu ba ne a yau. Dubi kofuna da jakunkunan da ake rabawa a gidan biki, za ki ga an yanko rabin sunan ango da rabin na amarya an haɗe su wuri ɗaya. Hannun da ke wannan shi ke ƙera irin su Laraiza.

Abin da ya ba ni sha'awa a wasiƙarki shi ne lokacin haihuwar. Kin ce Talata bayan isha'i. A lissafin tsofaffinmu, wanda shi ne na Musulunci, da rana ta faɗi an shiga sabon kwana, dare ke gaba da yini. Shi ya sa daren Alhamis da agogo ke nunawa muke ce masa daren Juma'a. Yarinyar nan a daren Laraba ta zo. Ko da mahaifiyarta ba ta buɗe waya ba, da kakanninta sun ga dama Larai za su ce mata. Ki gaya wa tsofaffin gida wannan, ina tsammanin zai rage maganganun.

Akwai wata hanya da ba zan rufe ƙofarta ba. A aya ta 2 cikin Suratul Baƙara akwai "la raiba fihi", wato babu kokwanto a cikinsa. A Pakistan ana sa wa yara suna Laraib daga wannan lafazi, kuma tsakanin Laraiba da Laraiza baƙi ɗaya ne. Mai yiwuwa ne wani ya ji wancan, ya juya shi. In ma haka ne, da zarar b ta koma z ma'anar ayar ta tafi. Ina kuma jan hankalin masu yanko suna daga cikin Alƙur'ani don daɗin sautinsa kawai. Laraiba kalma biyu ce, la mai korewa da raib, kokwanto. Mu kuwa mutane ne masu gutsure suna. Ranar da aka gaji da faɗin sa duka aka koma Raiba, an kira yarinya da kokwanto tsagwaronsa. Game da Larisa kuwa, sunan wani birni a Girka wanda matan Rasha da maƙwabtansu ke amsawa, kama ce kawai ta sauti, ban ga hanyar da ta haɗa su ba.

To ƙirƙirar suna laifi ne? Ke da kike Daura kin fi kowa kusa da amsa. Masu ba da tarihin garinku suna cewa Bayajida daga "ba ya ji da" ya samo sunansa, baƙon da ya zo bai san harshen mutanen gari ba. Da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, mai suna Sarki, aka ce masa Makas-Sarki. Ƙwarƙwararsa ta haifi namiji ta ce Karɓagari, Daurama ta haifi nata ta ce Bawo, wato a maido da garin. Ko mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi ko a matsayin abin da aka gada daga baki zuwa baki, yana nuna yadda Bahaushe ke kallon suna: magana ce da aka dunƙule, kuma duk wanda ya ji zai iya warware ta. Haka sauran sunayenmu na gargajiya suke. Ka ji Tanko, ka san mata ke gabansa. Ka ji Kande ko Delu, ka san maza ta biyo. Gambo ya biyo tagwaye, Auta ya rufe ƙofa, Azumi a watan Ramalana ta zo, Cindo yatsa shida gare shi. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Ajuji. Uwar da 'ya'yanta ke ta rasuwa, in ta sake haihuwa sai a ce wannan ta juji ce, a nuna kamar ba a damu da ita ba, ko mutuwa ta kau da kai. Duk wata fargaba ta mai wabi tana cikin wannan ɗan suna. Kowane ɗaya daga cikinsu wata rana wani ne ya fara faɗar sa, babu kamus a hannunsa.

Bambancin shi ne waɗancan ba su ɓoye asalinsu ba. Abin da ke damuna da sababbin sunayen nan shi ne yadda ake jin dole sai an ce Larabci ne kafin su yi daraja. A nan Katsina muna da waliyyi Ɗan Marina, malamin ƙarni na 17, wanda maƙabartar da ke ɗauke da sunansa aka rufe marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a cikinta a 2010. A rubuce-rubucen Larabci Ibnus Sabbag ake ce masa, wato ɗan mai rini. Malami ne da ya yi waƙoƙi da Larabci, amma har yau Katsina da sunansa na Hausa take kiran sa, kuma bai rage masa komai ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Yarinyar nan za ta girma, za ta shiga Islamiyya, wata rana malaminta zai tambaye ta ma'anar sunanta. In ta ce furen Aljanna, zai ce mata babu wannan. In ta ce Larai ce aka yi wa kwalliya, don a daren Laraba aka haife ta, ta faɗi gaskiya, kuma babu mai ƙaryata ta.

Ta fuskar addini, sharaɗin da malamai suka fi kafawa shi ne kada suna ya ƙunshi mummunar ma'ana ko yabon kai. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa 'yar Sayyadina Umar suna daga Asiya mai harafin sadi, wato mai saɓo, zuwa Jamila, ya kuma mayar da Barra Zainab. Laraiza ba ya cikin wannan sahu. Sauran hukunci na bar wa malaman fiƙihu na unguwarku, ni nawa na harshe ne.

Maganar takarda kuwa, shawarata a rubuta A'isha. Shi liman ya raɗa, shi aka yanka wa rago, shi maroƙi ya shelanta wa jama'a da safiyar suna. Laraiza lakabi ne na alkunya, aikinsa ɗaya da Ummi da Mama da Walida, ko Indo da ake ce wa masu suna A'isha tun kaka da kakanni. Mai jego ta kyauta da ta ji nauyin sunan surukarta, wannan tarbiyya ce, a yaba mata. Amma abin da aka rubuta a takardar haihuwa shi zai bi yarinya zuwa rajistar makaranta, da lambar NIN, da jarrabawar JAMB, har fasfo ɗin aikin Hajji. Sunan da ba a saba da shi ba kowane magatakarda yadda ya ji yake rubuta shi, wannan ya sa i, wancan ya sa y, wani ya mayar da z ɗin s. Gyaran harafi ɗaya a takardun nan sai da rantsuwar kotu da zirga-zirga. In mahaifiyar ta matsa, a sa shi a tsakiya bayan A'isha, a kuma tsayar da rubutu ɗaya tun yanzu.

Wani ɗalibi daga Ƙofar Sauri a nan Katsina ya tambayi ma'anar karin maganar nan, "suna linzami ne", da asalin kalmar linzami.

Ɗana, linzami shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki, a ɗaura masa ragamar da mahayi ke riƙewa. Kalmar daga Larabci take, al-lijam, kuma ka ga jim ɗin ta koma z kamar yadda ta yi a Hadiza. In kana son ganin ma'anar da idonka, ka tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah lokacin da mahaya ke kawo jafi. Doki zai taho a sukwane, ƙura na tashi, kamar ba abin da zai tsayar da shi. Mahayi ya ja linzami sau ɗaya, sai ka ga dokin ya dunƙule, ya turje da ƙafafun baya, ya tsaya cak a gaban Sarki. Haka mutum yake da sunansa. Yana cikin tafiya a tsakiyar kasuwa, hayaniya ko'ina, a kira sunansa daga nesa, sai ya waiwaya tun kafin ya san mai kiran.

Wannan ita ce ma'anar farko. Ta biyu, wadda dattawa suka fi nufi in sun faɗa, ita ce suna na jan mai shi zuwa ga halin da ya ƙunsa. In aka ga wani Sabi'u ko Bala ba a kawo karin maganar, don waɗannan lissafi ne kawai na haihuwa. Amma in Aminu ya riƙe amana, ko Sadiku ya ƙi yin ƙarya a inda ƙarya za ta fisshe shi, sai ka ji an ce ai suna linzami ne. Akan faɗe ta kuma a matsayin jan kunne ga yaron da aka sa wa sunan wani malami ko kakansa mutumin kirki, a tuna masa sunan wa yake ɗauke da shi. A jarrabawa, in an tambaye ka, ka kawo ma'anonin biyu, ka fara da ta kira da waiwaye, don ita ce ta fi kusa da aikin linzami a bakin doki.