Ƙiba da gwajin hanta ga mai sankarar nono

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce gwajin jini ya nuna sinadaran hantarta sun hau, kina tsoron ko sankarar nonon ce ta yaɗu, kuma ga ta da jiki.

Ki ɗan kwantar da hankali. Ƙiba kaɗai kan tara kitse a hanta har sinadaran hanta da ake kira ALT da AST su hau, haka ma magungunan sankara irin su allurar kimo da ƙwayar tamoxifen kan sa su hau. Ciwon hanta nau'in B ma yana da yawa a ƙauyukanmu, a gwada shi. Sinadarin da likita ke ƙara sa wa ido a gwajin shi ne ALP, domin yana hawa idan sankarar ta taɓa ƙashi ko hanta, amma hoton asibiti ne ke tabbatarwa.

Ƙibar kuma ba abin rainawa ba ce. Bayan ɗaukewar al'ada, kitsen jiki ne ke sarrafa sinadarin istirojin, wanda ke ciyar da yawancin sankarar nono.

Don Allah kada ku hana ta abinci tana kan magani. A rage sukarin kunu da man da ake malalawa a tuwo, ta riƙa ɗan tattaki da yamma. Jiƙe-jiƙen sassaƙe kuwa a dakatar, suna wahalar da hanta. Ranar komawa asibitin Malam Aminu Kano, ku tafi da duk takardun gwajin, tsoho da sabo.