Tambayoyinku: Shin in janye tallana daga shirin da aka ci mutuncin zawarawa?

Assalamu alaikum Anti. Ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta a kasuwar Sabon Gari, na kuma biya kuɗin talla na wata uku a wani shirin rediyo na dare da ake buga waya. Kwanan baya mai gabatarwar ya dirar wa zawarawa, har ya ce kayan gwanjo ne, wai duk macen da ta fito daga gidan miji ita ce da laifi. Yana rufe baki aka sako tallana, da sunan shago da lambar waya. Washegari kwastomomi suka yi ta kirana, wata ma ta fasa haɗa lefen ƙanenta a wajena. Ina so in janye, amma maigidana ya ce kada in zama sanadin raba bawan Allah da abincinsa. Yaya zan yi?

Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar nan ta ɓata min rai, domin a cikin matan da ya kira gwanjo akwai wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, akwai wadda duka ya fito da ita. Su ne kuma suke tsayawa a ƙofar shagonki suna taya atamfa.

Maigidanki tausayi ya ji, kuma tausayi abu ne mai kyau. Amma ki gaya masa cikin ladabi cewa ba ke kika buɗe bakin mutumin nan ba. Magana zarar bunu ce. Kuɗinki ne ke sayen mintocin da yake magana a ciki, kuma mai sauraro a Samaru ko Gyallesu ba ya raba muryarsa da sunan shagon da ya biyo baya. Shi ya sa ke aka kira, ba shi ba. Kin riga kin fara biyan bashin da ba ki ci ba.

Janye talla ba sabon abu ba ne. A Amurka, a watan Afrilun 2007, wani fitaccen mai shirin rediyo, Don Imus, ya yi wa 'yan matan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Rutgers, waɗanda yawancinsu baƙaƙen fata ne, mummunar magana kan gashinsu da mutuncinsu. Da farko hutun mako biyu kawai aka yanka masa. Da manyan kamfanoni irin su Procter & Gamble da General Motors suka kwashe tallansu, sai kamfanin CBS, mai gidan rediyon, ya sallame shi. A 2012 kuma wani mai shirin rediyo a can Amurka, Rush Limbaugh, ya kira wata ɗalibar koyon lauya, Sandra Fluke, karuwa. Mutum ne da ba a san shi da ba da haƙuri ba, amma da masu talla suka fara watsewa, cikin 'yan kwanaki ya nemi afuwa. To ki lura da wannan, don shi ne amsar maigidanki: Limbaugh ya ci gaba da shirinsa har ya rasu a 2021, Imus ma ya koma iska a wata tashar kafin 2007 ta ƙare. Babu wanda ya kwana da yunwa. Abin da janyewar ta yi shi ne ta sa su, da masu gidajen rediyon, suka san cewa cin mutunci yana da farashi.

A nan gida akwai hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, kuma ƙa'idojinta sun haramta kalaman ƙiyayya da ƙasƙanta mutane. A 2020 ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya zuwa naira miliyan 5, amma a watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce ba ta da hurumin cin tara. Kina iya rubuta mata koke, sai dai ni ba zan zauna jiranta ba. Manajan gidan rediyo ya fi saurin ɗaga wayar mai talla.

Kafin komai, duba rasit ɗinki. Wa kika biya? Da yawa daga cikin shirye-shiryen nan namu, mai gabatarwar ne ke sayen fili daga tashar, shi kuma ya bi 'yan kasuwa neman talla. In shi kika ba kuɗin, da shi za ki fara, ki kira shi ki gaya masa abin da bakinsa ya jawo miki. In tashar kika biya, ki rubuta takarda zuwa ga manaja, ki sa rana da lokacin shirin da kalmomin da ya faɗa daidai yadda ya faɗe su. In ana haska shirin a Facebook, ki sa yaro ya adana miki bidiyon kafin a goge. Ki nemi a mayar da sauran tallanki zuwa wani shirin, shi kuma ya janye maganar a shirin nan nasa, a lokacin da ya saba, da bakinsa. Ba irin "in akwai wanda ya ji haushi" ba. Ya ambaci matan da ya zaga.

Abu guda nake tsoro, kuma zan faɗa. Wannan makamin shi ne dai wanda 'yan siyasa da masu kuɗi ke amfani da shi su toshe bakin ɗan jaridan da ya yi maganar rashin ruwan famfo ko albashin malamai. Da a ce ra'ayinsa kan tsadar lefe ne bai yi miki ba, da na ce ki bar shi, ki buga waya ki yi masa gardama. Wannan kuwa ba ra'ayi ba ne, wulaƙanta bayin Allah ne don a yi dariya. Kuma kada ki bari a mayar da abin zagin iyayensa a WhatsApp, ko a yaɗa hoton gidansa.

Ki ba su mako guda. In ya nemi afuwa, ki bar tallanki, ki kuma yi masa godiya. In suka yi biris, ki karɓi ragowar kuɗinki ki kai wata tashar, ki sanar da 'yan layinku a kasuwa dalili. Sannan ki kira baiwar Allahn nan mai lefe da kanki ki gaya mata matakin da kika ɗauka, ko ta dawo ko ba ta dawo ba.